Littattafan gado na rubutun hannu: doka ta yarda a sayar?

Abu_Nana:
Assalamu alaikum. Wasu magada a nan Sakkwato sun tarar da gafaka uku cike da littattafan kakansu na rubutun hannu, Larabci da ajami. Wani dillali ya taya da tsoka, ya ce ƙasar waje zai kai su. Malamai, me doka ta ce?

MalamBuba:
Wa alaikumus salam. Su dakata tukuna. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa rubutun hannu cikin kayan tarihi, muddin aikin ƙasar nan ne kuma an yi shi kafin 1918. Mallaka ba laifi ba ce, gadonsu ne. Laifin shi ne sayar wa wanda ba wakilin hukumar ba: tarar naira 2,000 ko ninki biyar na darajar kayan, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara uku, kuma a ƙwace kayan. Dubu biyun nan yau abin dariya ne, amma ninki biyar da ƙwacewa ba wasa ba. Fita da su waje kuwa sai da takardar izinin hukumar. Su ce dillalin ya nuna tasa, za ka ga ya fara kame-kame.

Hajiya_Taskar_Tarihi:
Malam ya gama magana a kan doka. Saura sanin shekarun. A duba shafin ƙarshe, nan marubuci kan sa sunansa, wani lokaci da shekarar Hijira. 1918 ta faɗa tsakanin 1336 da 1337. In babu, a ɗaga takardar a haske. Jinjirin wata uku a jikinta alamar takardar Italiya ce, sai dai an ci gaba da shigo da ita bayan zuwan Turawa, don haka ba hujja ba ce ita kaɗai.

Don Allah kada a liƙa salatef, kada a rufe da leda mai zafi. Gam ɗin yana cin tawada kuma ba ya ɓaruwa. Kada a sake jera warƙoƙin da ka, domin ba ɗinke suke ba: kalmar da ke ƙasan shafi ita ce farkon na gaba, da ita ake bin sahu. A ɗauki hoton kowane shafi, a ƙirga, a ɗora su kan katako nesa da bango saboda gara da laimar damina. Sannan a je Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ko gidan tarihi na ƙasa da ke cikin gari a nemi shawara.

Dan_Binji:
Ƙarin bayani, tunda dillalan nan ba littattafai kaɗai suke bi ba. Wanda ya tono tukunya ko mutum-mutumin yumɓu a gona, kwana 7 doka ta ba shi ya sanar da hukumar. Tun shekarar 2000 irin waɗannan na yankin Sakkwato da Katsina suke cikin jan jerin kayan da ake gargaɗin gidajen tarihi na duniya kada su saya. Kufan Surame kuwa, tsohon birnin Kanta na Kabi, tun 1964 yake ƙarƙashin kariyar gwamnati, ba a haƙa a can sai da izini.