Iyaye sun ƙi sa hannu a takardar yarda, yaya zan yi?

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina koyar da ilimin halayyar ɗalibai a wata jami'a a Zamfara. Na samu tallafin TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu) domin bincike kan yaran da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka zuwa Gusau, musamman tun bayan sace 'yan matan Jangebe a 2021. Ɗalibaina huɗu na horar su tattara bayanai da takardar SDQ mai tambayoyi 25, wadda ake auna halayya da matsalolin yara da ita.

Ga inda gizo ke saƙar. Kwamitin tantance bincike ya ce sai iyaye sun sa hannu kafin a tambayi yaro. Su kuwa da sun ga biro sai su ja baya. Wani dattijo ya ninke takardar, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Malam, yaron naka ne, ka tambaye shi, amma ba na dangwale." Ban ga laifinsa ba.

Lokaci na tafiya, kuma sai na miƙa rahoto za a saki sauran kuɗin. Akwai wanda kwamiti ya taɓa amince masa da yardar baki a gaban mai unguwa ko liman? Yaya kuka rubuta buƙatar?