Muhawara: A hana yaro mai otizim kaɗa hannu tun yana ƙarami, ko a ƙyale shi?

Maman Auta: Assalamu alaikum iyaye. Akwai maganar da ta hana ni barci. Autana shekararsa uku da wata huɗu, wata biyar ke nan da likita ya ce yana da otizim, lalurar nan da wasu ke kira galahanga. In murna ta kama shi sai ya ɗaga hannuwa daidai kafaɗa ya yi ta kaɗa su kamar tsuntsu zai tashi. In aka ba shi motar wasa ba ya tura ta, kifar da ita yake yi ya yi ta juya taya yana kallo. Takalman gida kuwa sai ya jera su layi ɗaya, wanda ya taɓa guda ya jawo mana kuka. Jiya yayana ya ce min: duk sanda ya fara, ki riƙe hannun ki ce bari, in ba ki hana shi yanzu ba zai zame masa jiki har girma. Yau na gwada sau biyu, ya yi kukan da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Don Allah ku ba ni shawara.

Kawu: Wa alaikumus salam. Maman Auta, ni ina bayan yayanki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗana yanzu shekararsa 11, yana ƙarami muka ƙyale shi don tausayi. Yau in ya fara jijjiga jiki a bakin titi, yara ne ke taruwa suna kwaikwayonsa, ni kuma ina tsaye zuciyata na tafasa. Ba kullum muna raye ba, wata rana shi kaɗai zai fuskanci mutane. Kuma ba son raina nake faɗa ba. Ivar Lovaas na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas ya fitar da bincike a 1987: yara 19 aka horar awa 40 a mako, 9 daga cikinsu suka zauna aji ɗaya da sauran yara ba tare da an bambance su ba. Cikin horon akwai hana irin waɗannan ɗabi'u.

Malama: Kawu, Allah ya raya maka shi, na san zafin da kake magana a kai. Amma tunda ka kawo Lovaas, bari mu cika labarin. Ba da ƙuri'a aka raba yaran da aka horar da waɗanda aka kwatanta su da su ba, kuma cikin horon akwai daka wa yaro tsawa da dukansa a cinya, abin da masu wannan aiki suka daɗe da bari. Da aka sake gwada hanyar a 2000, aka raba yara da ƙuri'a, sakamakon bai kai na farko ba. Sannan yaran an koya musu magana da kwaikwayo da wasa shekara biyu ko fiye. Wa ya ce riƙe hannun ne ya kai su aji, ba koyarwar ba?

Shekaruna da yawa ina koyar da irin waɗannan yara. Maimaita motsi ba nasu ne su kaɗai ba. Wata mai bincike, Esther Thelen, ta bibiyi jarirai masu ƙoshin lafiya a 1979, ta same su suna shure-shure da jijjiga da kaɗa hannu sau ba adadi. Bambancin shi ne wajen yaro mai otizim abin yana daɗewa kuma yana da ƙarfi. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sabunta a 2013 ya haɗa abu huɗu a babi ɗaya: maimaita motsi ko magana, nacewa a kan kada a sauya tsari, ƙwallafa rai a kan abu guda, da jin ƙara ko haske ko taɓi fiye da kima ko ƙasa da kima. Ku lura da na ƙarshen nan, don sau da yawa shi ne tushen sauran.

Ɗan'uwanku: Iyaye ku yi haƙuri in sa baki, ni ba uba ba ne, ni ne yaron da kuke magana a kansa, na girma. Sai da na wuce shekara 20 aka gano ina da otizim. Ina ƙarami in na fara kaɗa yatsu a aji, sai a danne min hannu a kan tebur. Na daina, gaskiya ne. Amma abin da ke sa ni kaɗawa bai tafi ba. Ƙarar fanka, hasken kwan lantarki, mutum uku na magana lokaci guda, duk suna shigo min tare, kaɗa yatsun ne ke tattara min hankali wuri ɗaya. Da aka hana ni sai na koma cizon cikin kumatuna inda ba mai gani, har jini. Darasin kuma ba na ji, don duk ƙarfina ya tafi wajen tsare hannuna. A 2019 Steven Kapp da abokan aikinsa a Ingila sun tattauna da manya 31 masu otizim, akasarinsu abin da suka faɗa ke nan: motsin yana kwantar musu da hankali, kallon da mutane ke musu ne ke cutar da su.

Kawu: Ɗana, na ji ka, kuma na tausaya. Amma kai ga shi kana rubutu tsaf, kana kawo hujja. Nawa ko ruwa ba ya iya roƙa da baki. Waɗancan 31 ɗin ma masu iya bayani ne. Wa ya tambayi irin ɗana?

Ɗan'uwanku: Ba wanda ya tambaye shi, Kawu, wannan gaskiyarka ce, kuma ba zan ce na san abin da ke ransa ba. Sai dai wanda ba shi da baki, jikinsa ne bakinsa. In aka rufe wannan ma, da me zai ce muku abu ya yi masa yawa?

Goggo: Ni dai 'ya'yana, kada a ce a ƙyale komai. Jikata da nake riƙo ba kaɗa hannu take yi ba, kanta take bugawa da bango har goshi ya kumbura. Wa zai zauna yana kallon wannan? Na riƙe ta, na yi faɗa, na yi lallashi, abin sai ƙaruwa. Kusan sati uku muna haka kafin wata ma'aikaciyar jinya ta ce a duba mata kunne. Ashe ciwo ne a ciki, har ya fara ruwa. Aka ba ta magani, bugun ya ragu ƙwarai. Har yau in na tuna faɗan da na yi mata sai hawaye ya zo min. Yarinya na ciwo, ni ina ganin rashin ji ne.

Malama: Goggo, kin faɗi abin da ya fi komai nauyi a zancen nan. Buga kai, cizon hannu har rauni, tsokale ido, waɗannan ba a ƙyale su, kuma ba da riƙe hannu kaɗai ake maganinsu ba. In abu ya taso sabo ko ya tsananta farat ɗaya, a fara da likita: kunne, haƙori, taurin ciki, rashin barci. In ba ciwo ba ne, sai a sa ido a ga me ke faruwa gabanin abin da kuma bayansa. Wani yaron hayaniya yake gudu, wani abu yake so ba shi da hanyar roƙo. In aka ba shi hoto ko alamar da zai nuna, sau da yawa cutar da kan na raguwa.

Amma Maman Auta, abin da kika lissafa babu rauni a ciki. Hannun da ake kaɗawa don murna ba ya cutar da kowa. Yaro na farko cikin yara 11 masu otizim da likita Leo Kanner ya bayyana a 1943, Donald Triplett, aikinsa ke nan juya tukwane da duk wani abu mai kewaye. Ya girma ya gama jami'a, ya yi aikin banki, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Ba na cewa kowane yaro haka zai zama, kawai juya abu ba shi ne ke yanke makomar yaro ba.

Kawu: To Malama, ban da rauni akwai lokaci. Yaron da ya yi awa uku yana juya taya, awa ukun nan bai ji kalma ɗaya ba, bai kalli fuskar kowa ba. Shekarun nan na farko ba sa dawowa. Ita kanta Temple Grandin, farfesar nan mai otizim ta jami'ar jihar Kolorado, ta sha faɗin cewa tana yarinya kamar awa ɗaya ake ba ta bayan cin abincin rana ta yi irin nata, sauran yini ana shagaltar da ita.

Malama: A nan ban saɓa maka ba, Kawu. Ni ma ba na barin yaro ya ɓace a ciki yini guda. Inda muka rabu shi ne yadda ake fito da shi. Ƙwace motar rufe ƙofa ne. Ni zama nake yi kusa da shi in ɗauki tawa motar in juya tayarta, in ce "juya", in tsayar in ce "tsaya", in jira. Ranar da ya ɗago ya kalle ni don in sake, mun fara hira ke nan. Masu maimaita magana ma haka ne. Wani mai bincike, Barry Prizant, ya nuna tun 1981 cewa yaron da ke maimaita abin da aka faɗa masa sau da yawa amsa yake bayarwa ko roƙo yake yi.

Ɗan'uwanku: Kuma Kawu, ita Temple Grandin lokaci aka ba ta, ba a ce mata abin kunya ne ba. Ni abin da ya fi min ciwo ba danne hannun ba ne, fuskar mahaifiyata ce in na yi a gaban baƙi.

Kawu: Wannan maganar ta shige ni, don na san irin fuskar da nake yi a bakin titi. Amma har yanzu ina kan bakana cewa kafin ya girma sai an koya masa inda zai yi da inda zai rage, don mutane ba za su sauya saboda ɗana ba.

Maman Auta: Na gode iyaye, Allah ya saka da alheri. Ɗazu ya fara jera takalma, na zauna a ƙasa na riƙe na gaba ban miƙa ba. Ya tsaya, ya kama wuyan hannuna ya ja zuwa layin. Na ce "takalmi" na ba shi. Mun yi haka har sau shida. Hannun dai na daina riƙewa. Malama, kukan da yake yi in an taɓa layin fa, in fara sauya takalmi ɗaya da gangan don ya saba, ko in bari sai ya ƙara yarda da ni a wasan?