Amapiano ɗin wa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Wata bakwai ke nan duk daren Alhamis ba na runtsawa sai sha biyu ta gota, don ranar Juma'a ake sakin sababbin waƙoƙi a duniya. Tun watan Yulin 2015 kamfanonin waƙa suka haɗu a kan rana ɗaya, kafin nan Amurka Talata take saki, Ingila Litinin. In zauna in tace su ɗaya bayan ɗaya, jazz na Landan, funk, hip-hop, har amapiano ɗinmu, in zaɓo biyar ko shida in turo muku nan da datar da na saya da gumina. Ko "mun gani" babu mai cewa. Amma a turo hoton shinkafar biki, kafin ka ƙifta ido mutum talatin sun tofa. Ni dai na gano kunnuwanku sun mutu. Ba mai neman waƙa da kansa yanzu. Abin da manhaja ta watso muku shi kuke tsattsaga kamar kaji. Ka saurari waƙa ɗaya ta jero maka goma masu kama da ita, kai kuma kana ganin kai ka zaɓa.

Ummin Kaduna: Wa'alaikumus salam. Yaya, dakata. Amapiano ɗin wa?

Ɗan Fagge: Ba wannan ce maganata ba, ƙanwata.

Ummin Kaduna: Ai kai ka rubuta "ɗinmu". Mu su wa? Kiɗan Afirka ta Kudu ne. Daga unguwannin baƙaƙen fata na kewayen Pretoria da Johannesburg ya taso, a lardin Gauteng. Sunan ma da harshen Zulu ne, wato fiyano da yawa. Su Kabza De Small da DJ Maphorisa sun daɗe suna buga abinsu kafin Legas ta farga.

Mai Kiɗan Biki: Hajiya Ummi, a hankali. Ni nake tsayuwa bakin sifika duk Asabar. In na saka amapiano a wurin biki a Kano, muryar wa ake ji? Asake. Davido. Wa ya shigar da shi kunnen mutanenmu? 'Yan Najeriya. Da wanda ya haifi ɗa da wanda ya raine shi har ya zama mutum, duk iyaye ne.

Ummin Kaduna: Riƙo ba haihuwa ba ne, Malam. Ɗan riƙo ko ya yi gemu a gidanka, ranar ɗaurin aure dangin ubansa ake nema. Ka tuna Grammy ta 2024, babban bikin ba da kambun waƙa na Amurka, karon farko da aka ware kambu don waƙar Afirka? Waƙoƙi biyar aka tsayar, huɗu na 'yan Najeriya ne, ɗaya ma sunanta "Amapiano", ta Asake da Olamide. Wa ya tafi da kambun? Tyla, 'yar Johannesburg.

Mai Kiɗan Biki: Kin kama kanki da bakinki. Huɗu cikin biyar! To kasuwar a hannun wa take?

Ummin Kaduna: Kuma ta Davido da ke cikin huɗun, tare da Musa Keys ya yi ta, ɗan Afirka ta Kudu. In naku ne, me ya kai shi aron hannu?

Auta: Ku yi haƙuri manya. Ni abin da na sani, gangar nan mai nauyi da ke ƙasan amapiano, wadda suke kira log drum, kalangu ce aka zuba a kwamfuta. Ku saurara da kyau, tana hawa tana sauka kamar ana matsa tsirkiya a hammata. Namu ne tun daga tushe.

Ummin Kaduna: Ina hujjarka?

Auta: Kunnena, Anti.

Ummin Kaduna: Kunnen da Yaya ya ce ya mutu?

Mai Kiɗan Biki: Auta, ina bayanka a kan "namu", amma bar zancen kalangu kada a yi mana dariya. Sauti ne na cikin manhajar haɗa kiɗa, ba fata ba ice. Mai haɗa kiɗan ne ke jera shi a allon kwamfuta yana ɗaga shi yana sauke shi.

Ɗan Fagge: To tunda kun tsaya a nan, bari in yi amfani da damar. Amapiano jikan kiɗa uku ne. Akwai kwaito, wanda matasan Johannesburg suka ƙirƙira a shekarun 1990 lokacin da mulkin wariyar launin fata ke rushewa. Akwai house, wanda aka haifa a gidajen rawa na Shikago a shekarun 1980. Sannan yadda ake taɓa fiyanon nan a sanyaye, daga jazz aka ɗebo shi. Abin da nake nufi ke nan, in ka bi waƙa ɗaya da kanka za ta kai ka gida goma. Manhaja ba za ta kai ka ba, maƙwabciyar waƙar kawai za ta miƙo maka. Makon jiya na turo muku Ezra Collective, ƙungiyar jazz ta Landan da ta ci kambun Mercury na Birtaniya a 2023, ba a taɓa ba 'yan jazz shi ba sai su. Wa ya buɗe?

Mai Kiɗan Biki: Ba su ne masu Femi Koleoso a kan ganga ba? Iyayensa 'yan Najeriya ne. Ka ga wannan ma namu ne.

Ummin Kaduna: Inna lillahi. A Landan aka haife shi fa.

Auta: Duk dai Afrobeats ɗin Fela ce ta haifi waɗannan.

Baban Zaure: Kai yaro, goge wannan "s" ɗin kafin raina ya ɓaci. Tun safe nake karanta ku ban tanka ba, amma wannan ba zan bari ta wuce ba. Abin da Fela ya yi Afrobeat ne, babu "s". Afrobeats mai "s" suna ne da aka laƙaba wa waƙoƙin rawa na yaran Legas da Accra shekaru da yawa bayan ya rasu a 1997. Fela makarantar kiɗa ya yi a Landan, Trinity, ya shiga a 1958. Da ya dawo, highlife yake gaurayawa da jazz. Ya tafi Amurka a 1969, ya dawo da wani kai daban, kiɗa ya yi nauyi, baki ya yi kaifi. Waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar faifai guda, mabusa na busa, makaɗa na zufa, sai an yi nisa kafin ya buɗe baki. Ku kuwa minti biyu da rabi an gama, ko shayi bai huce ba. Kuma duk wanda zai yi zancen ganga bai ambaci Tony Allen, makaɗin gangar Fela ba, ya yi shiru kawai. Mutum ɗaya, hannu biyu ƙafa biyu, kowanne da abin da yake faɗa. A Faris ya rasu a 2020.

Auta: Tuba nake, Baba. Harafi ɗaya ne fa.

Baban Zaure: Tsakanin "kari" da "ƙari" ma ƙugiya ɗaya ce.

Ummin Kaduna: Allah ya ƙara girma, Baba, amma shi ma Fela ai ya sha ruwan funk. James Brown, mawaƙin funk na Amurka, har Legas ya zo a 1970. Kenan in muka bi lissafin Mai Kiɗan Biki, Amurkawa ma za su iya cewa "Afrobeat ɗinmu".

Baban Zaure: 'Yata, su James Brown ɗin daga ina kakanninsu suka tafi? A jirgin bayi aka kwashe su daga nan. Kayanmu ne ya je ya dawo.

Ummin Kaduna: To in haka ne komai namu ne, har hip-hop da aka fara a Bronx ta birnin New York a 1973 wurin wani biki da DJ Kool Herc ya yi, shi kuma haifaffen Jamaika. Gutsuren ganga na faya-fayan funk yake maimaitawa, ba kalangu ba. In komai namu ne, kalmar ba ta da sauran amfani.

Ɗan Damagaram: Ina gaisuwa. Ni dariya kuke ba ni. Kuna ta dambe a kan kiɗan da ke can ƙarshen nahiya, na bayan katangarku ba ku san shi ba. Wa ya taɓa turo Mdou Moctar a zauren nan? Ɗan Nijar ne, Buzu, da Tamashek yake waƙa, yana yawon duniya da jitarsa. Kundinsa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da mawaƙan finafinan Hausa ke yi. Ba kanti ya kai shi kunnen mutane ba, daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya, ta memori da Bluetooth, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsince shi ya bi sawunsa. In kuna neman wanda za ku ce "namu" da ɗan dalili, ga shi nan. Amma sai Turawa sun yaba abu kafin Bakano ya waiwaya.

Ɗan Fagge: Yauwa! Wannan ita ce maganata. Da can wurin masu tura waƙa a kasuwa kake zuwa, mutum ya dube ka ya ce "ji wannan", ya zuba maka abin da ba ka taɓa ji ba. Mutum ne ke zaɓa wa mutum.

Mai Kiɗan Biki: Tsaya, me ya kawo Bakano cikin zancen? Badamagare, ka zo cin arziki ka zo da baki?

Ɗan Damagaram: Arzikin me? Ku da kakanninmu suka sa ku rufe ƙofar gari da rana tsaka?

Mai Kiɗan Biki: Kuka koma gida da ƙishirwa dai.

Maman Hanif: Tunda Mai Kiɗan Biki yana kusa, ina da magana. Ranar kamun ƙanwata waƙa ɗaya ka saka sau huɗu. Sau huɗu! Gwaggo ta ce a saka mata asharalle ko ɗaya ce, ka ce babu a kwamfutarka. Yau kuma kai ne mai kare kayan gida?

Mai Kiɗan Biki: Hajiya, ƙawayen amarya ne suka yi ta liƙi suna cewa a maimaita. Kuma cikon kuɗina har yau ban gani ba.

Maman Hanif: Ka tambayi dangin ango, ba mu muka ɗauko ka ba.

Malam Na Bayan Layi: Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutum ya raya daren Juma'a guda yana jiran waƙa. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Ɗan Fagge: Amin, Malam. Asuba dai ba ta taɓa wuce ni ba.

Ummin Kaduna: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. Amapiano ɗin wa?

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, saƙo ya haura ɗari biyu, bari in tattara. Na ɗaya, an fahimci cewa amapiano ko da a wani wuri aka yanke masa cibiya, a hannun 'yan Najeriya ya yi suna, kamar yadda ɗan'uwana Mai Kiɗan Biki ya yi bayani mai gamsarwa, shi da yake sana'arsa ce. Hajiya Ummi ta kawo sunayen garuruwa da shekaru, mun gode, sai dai kiɗa ba a takarda ake jin sa ba, kuma ita ma ta amsa da bakinta cewa huɗu cikin biyar namu ne. Na biyu, Baba ya tabbatar mana duk kiɗan duniya daga nan ya tashi, magana ta ƙare. Zancen kalangu ba a kammala shi ba, ni dai da na sake saurara na ji ƙamshin gaskiya a wurin Auta. Baƙonmu na Damagaram a riƙa tauna magana kafin a taɓa Kanawa. Batun cikon kuɗi, Maman Hanif a duba lamarin, haƙƙi ne. Shi kuma Ɗan Fagge da ya ce ba a yi masa magana, ga shi yau an yi masa har ta yi yawa.

Ummin Kaduna: Ban amsa komai ba. A karanta abin da na rubuta.

Maman Hanif: Wai Ɗan Fagge, waƙoƙin da kake cewa kana turowa, a nan zauren ne? Ni wayata ba ta buɗe irin waɗannan, sai dai ka turo su kai tsaye.

*Ɗan Fagge ya fita daga zaure.*