Daga ina kalmar "thug" ta samo asali?

Mai Koyon Fassara: Assalamu alaikum. Ina koyon aiki a wani gidan rediyo a Kano. Jiya aka miƙo min labari mai ɗauke da "political thugs", na rubuta 'yan daba, editanmu ya soke ya sa 'yan bangar siyasa. Tun daga nan kalmar take min yawo a ka. Ni dai a kunnena ba ta yi kama da Turanci ba. Ko akwai mai masaniya?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. 'Yata, kunnenki bai yaudare ki ba. Aro Turawa suka yi daga harshen Hindi, inda "thag" ke nufin mayaudari ko ɗan damfara. Sunan wasu gungun 'yan fashi ne a Indiya a da can, kuma yadda suke aiki ne ya jawo musu shi. Ba sa tare hanya da makami. Shiga ayarin fatake suke yi kamar matafiya, a ci tare, a kwana zango ɗaya, wani lokaci har kwanaki. Sai an saki jiki da su, sannan su shaƙe mutum da ƙyalle, su binne gawar, su kwashe kaya. Wani hafsan Ingila, William Sleeman, shi aka ɗora kan ofishin farautarsu a 1835, aka kuma yi musu doka ta musamman a 1836. Da kalmar ta isa Ingila sai yaudarar ta faɗi a hanya, ta'asar kawai ta rage.

Ɗan Sabon Gari: Malam, a gafarce ni, akwai ɗan gyara. Yawancin labarin daga bakin waɗanda aka kama ya fito, waɗanda aka yi wa alƙawarin ba za a rataye su ba in sun tona 'yan uwansu. Mai neman tsira da wuyansa me ba zai faɗa ba? Turawa sun ce ƙungiyar asiri ce mai yi wa gunkiya Kali hidima, alhali cikin kamammun har da Musulmi. Masana tarihi da dama na ganin an ƙara gishiri.

Baƙuwar Amurka: A nan kuma sai a yi hattara da ita. Baƙaƙen fata da yawa na jin su ake wa habaici. A 2015, lokacin tarzomar birnin Baltimore, Obama ya kira masu ƙone-ƙone da ita, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Tsohon Malami: Na karɓi gyaran. Game da editanki kuwa, yana da gaskiya. Ɗan daba na unguwa ne, ɗan banga na ɗan siyasa ne. Ita ma "banga" ana danganta ta da "vanguard" na Turanci, tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC.

Mai Koyon Fassara: Na gode ƙwarai, Baba. Gobe zan gwada editan da wannan ta ƙarshen, in ga ko ya sani.