Hawan jini ya kama ni, an ce in yi "ditoks" na kwana bakwai, don Allah a ba ni shawara

ƊanKwari:
Salamu alaikum jama'a. Ranar Talatar da ta wuce ina shago a kasuwar Kwari ta Kano bayan azahar, na sunkuya zan ɗauko bandir ɗin shadda kawai sai na ga duhu, ƙeyata kamar an ɗora min dutse, yaran shago ne suka tare ni aka sa ni a adaidaita sai asibiti. Aka auna jinina 180/110. Likita ya rubuta min magani, ya ce in rage gishiri in dawo bayan sati biyu. Shekarata 43 kuma wallahi ban taɓa kwana a asibiti ba.

To yanzu wani maƙwabcina a layi ya ce in ajiye ƙwayar nan, wai in ka fara ta ka zama bawanta, gara in yi ditoks na kwana bakwai, ba abinci sai ruwan kokumba da lemon tsami da citta, da wani shayi na wankin ciki da ake sayarwa a WhatsApp, wai datti ne ya taru a jinina. Akwai wanda ya gwada? Tsoro nake ji, yarana ƙanana ne.

Nas_Tarauni:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi Alhaji. Don girman Allah kar ka ajiye maganin nan, 180/110 ba wasa ba ne, daga 140/90 ake cewa mutum yana da hawan jini, kai ka wuce nan nesa, kuma irin wannan shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki. Zancen datti a jini kuwa, ai aikin hanta da ƙoda ke nan, su suke tace jini dare da rana, babu shayin da zai karɓe su. Yawancin irin wannan shayin gudawa kawai yake sa mutum, ruwan jiki ya zube, ƙodar da kake son taimaka wa ita ce za ta sha wuya. In kana son abin da za ka fitar daga jikinka, gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da yajin tsire da burodi. Sannan ka daina shiga kemis kana sayen diclofenac ko ibuprofen don ciwon jiki, suna ɗaga jini kuma suna taɓa ƙoda. Me kake ci ma a kasuwa?

ƊanKwari:
Hmm Anti kin taɓo wajen. Da safe shayi mai kauri da indomi da ƙwai, da rana shinkafa da wake da mai da yaji, lemon kwalba kuwa in ana zafi sai in sha uku, da daddare in biya wajen mai balangu.

Na_Gwale:
Yaya ni na yi wannan wankin cikin bara, bari in ba ka labari. Kwana biyu ina zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, buta ba ta huta ba, rana ta uku na tashi sallar asuba ƙafata ta ƙi ɗaukata, sai da aka ƙara min ruwa leda biyu. Tumbin ya ɗan saɓe kam, amma kafin wata ya zagayo ya dawo har da riba. Wanda ya sayar min da na kira shi cewa ya yi wai cutar ce take fita.

UwarGida_Hotoro:
Alhaji maganar nan a kicin take, ka zaunar da Hajiya ku yi shawara. Maigidana haka ya yi fama, na rage magi na koma daddawa da tafarnuwa da citta, satin farko ya yi ta mita wai miya ba ta ji gishiri ba, yanzu in ya ci a gidan biki shi ke cewa sun cika gishiri. Kwanon yajin nan da ake ajiyewa gefen abinci na ɗauke shi gaba ɗaya. Ina yi masa kwaɗon zogale, ina dafa zoɓo ba sukari in zuba a gora ya tafi da shi kasuwa maimakon lemo, don kwalba ɗaya tana da sukari wajen cokalin shayi tara. Kayan ganye a Yankaba na fi samun sauƙi, kankana da gwanda kuma 'Yan Lemo. Kokumbar ma a ci, ba laifi gare ta ba, amma da abinci.

Nas_Tarauni:
Hajiya ta gama magana. Sai tafiya, minti 30 sau biyar a sati, ko bayan asuba ne kafin rana ta yi zafi. Zoɓon yana ɗan saukar da jini, in ka koma ka faɗa wa likita kana sha, kuma ka ce a duba maka suga da ƙoda.

ƊanKwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sha ƙwayar tawa yanzu. Shayin dai na riga na tura kuɗinsa tun jiya, bari in ga ko zai yarda ya dawo min da ko rabi ne.