Wace kalma za mu ba wa "clinch" a Hausa?

'Yan'uwa masu kishin harshe, ga wata kalma da nake so mu tsayar da magana a kanta. A wani ɗakin horo a nan Damagaram, inda matasa ke koyon dabarun kare kai, na ji mai horarwa yana ta maimaita corps-à-corps, wani lokaci kuma clinch kamar yadda ake faɗa a bidiyon intanet, yaran kuwa ba su gane ba sai da ya jawo ɗayansu ya nuna da jikinsa.

Kafin a raɗa wa abu suna, ya kamata a san aikinsa. Ƙarfin naushi yana ƙarshen hannu ne, wato lokacin da hannun ya miƙe kuma nauyin jiki ya biyo bayansa, saboda haka wanda ya tsaya a daidai wannan tazara shi ne ke shan kashi. Abin da ake koya wa mai kare kansa shi ne ya rufe fuska da hannuwa, ya sauke haɓa, ya kutsa ciki har kunnensa ya manne da ƙirjin mai dukan, hannuwansa su bi ta ƙarƙashin hammata su haɗu a baya, ƙugu kusa da ƙugu. Daga nan ko an kai masa duka, hannun ba shi da filin da zai ɗauko ƙarfi. Da irin wannan shiga, wadda kaye ke biyo bayanta, Royce Gracie na Brazil ya ci gasar UFC ta farko, wato gasar da ke haɗa masu salon faɗa daban-daban, a birnin Denver na Amurka a 1993, kuma cikin waɗanda ya yi nasara a kansu har da ɗan damben zamani.

Wani ɗan'uwa ya ce tunda kokowa gadonmu ce, mu ɗauko kalmar daga can kawai. Na so hakan, sai dai wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa da ke nan Damagaram ya san cewa ɗan kokowa yana duƙawa ne da kansa a gaba, yana laluben hannu ko ƙafa, domin babu mai naushinsa. Wannan tsayuwa a gaban mai duka kuwa miƙa fuska ce. Dambe ma bai biya mana buƙata ba, domin aikin garkuwa, wato hannun karewa, shi ne tsare tazara har mashi, wato hannun duka, ya samu hanya, mu kuwa tazarar muke so mu rufe.

"Runguma" ce ta fara zuwa bakin kowa, kuma ta dace da siffar abin, amma tana ɗauke da ƙauna da marhabin, kuma na ga yadda yaran suka fashe da dariya da aka ce wani ya rungumi abokinsa. "Cukuma" ta fi ta zafi, sai dai wanda ya cukumi mutum a wuyan riga yana riƙe da shi ne da hannu a miƙe, fuskarsa a buɗe, wato ainihin kuskuren da ake son a hana. "Maƙalewa" ta yaro ce a jikin uwarsa, babu iko a cikinta. "Sarƙewa" ta yi kusa ƙwarai, amma tana nuna mutum biyu da suka rasa yadda za su rabu, alhali a nan ɗaya ne ya shiga da niyya yana juya ɗayan.

Abin da na tsaya a kai shi ne "ƙanƙama". Wanda aka ƙanƙame ba ya iya ɗaga hannu yadda yake so, babu sarari tsakanin jiki da jiki, kuma kalmar tana nuna wanda ke da riƙon. Tana kuma juyuwa ba tare da wahala ba: ya ƙanƙame shi, ƙanƙamar gaba, ƙanƙamar baya, fita daga ƙanƙama. Na kai wa mai horarwar ita, ya gwada ta a darasi na gaba, ya ce wa wani yaro, "Kada ka tsaya a bakin hannunsa, shiga ka ƙanƙame shi." Yaron ya sauke haɓa ya shiga, ba a sake nuna masa ba.