Kalmar “check”: me ya haɗa takardar banki da shingen kan hanya?

Abu Safiyya:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske a kan kalmar Turancin nan “check”. A banki ana rubuta cek, a filin jirgi ana “check in”, a kan hanya akwai “checkpoint”, har riga mai zanen gida-gida ma “check” ake ce mata. Kalma ɗaya ce ta bazu haka, ko kalmomi ne daban suka yi kama a furuci?

Malam Na-Zazzau:
Wa alaikumus salam. Tushe ɗaya ne, kuma daga wasa ya faro. Asalinta kalmar Farisanci ce “shah”, wato sarki. A wasan darar da Larabawa ke kira shaɗaranj, idan ka kai wa sarkin abokin karawarka hari sai ka ce “shah”, ka ankarar da shi. Wasan ya shiga Turai ta hannun Musulmi, musamman ta Andalus. Kalmar ta zama “scaccus” a Latin, ta zama “eschec” a tsohon Faransanci, Turanci ya aro ta wajen ƙarni na 14 ya gutsure mata kai. Jam'inta kuma shi ya zama sunan wasan kansa, “chess”.

Sarkin da aka yi wa “shah” an tare shi, ba ya motsi yadda ya ga dama. Ma'anar farko ke nan: tsayarwa, taka birki. Wanda ya tsayar da kai kuwa duba ka zai yi, sai ma'anar bincike ta biyo baya. A shingen kan hanya duka biyun sun haɗu.

Inda masu fassara ke tuntuɓe shi ne mayar da kowace “check” ta zama “duba”. Idan aka ce “to check the spread of cholera”, dakile yaɗuwar kwalara ake nufi, ba duba ta ba. Haka “checks and balances”: kowane ɓangaren gwamnati yana taka wa ɗan'uwansa birki.

Malama Ummu Hani:
Allah Ya saka, Malam. Bari in ɗora da maganar riga. Allon wasan gida 64 gare shi, takwas sau takwas, fari da baƙi, shi ya sa duk yadi mai irin wannan zane ya ci sunan. Wannan zanen ne ma ya raɗa wa baitulmalin Ingila suna. Tun zamanin Sarki Henry na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135, ana shimfiɗa ƙyalle mai layi-layi kamar allon wasan a kan babban tebur, layi ɗaya na kwabo, ɗaya na sule, ɗaya na fam, haka har dubbai. Sau biyu a shekara masu tara harajin gundumomi ke zuwa, a jera ƙwayoyin lissafi, jeri ɗaya abin da ake bin su, ɗaya abin da suka kawo, giɓin ya fito kowa na gani. Aka kira wurin “Exchequer”. Har yau ministan kuɗin Birtaniya “Chancellor of the Exchequer” ake ce masa.

Ɗan Kantin Kwari:
Malama, cek ɗin banki fa? An ce daga Larabci “sakk” ya fito, wato takardar shaidar biyan kuɗi. Jam'inta ne “sukuk”, irin wanda gwamnatin Najeriya ta fara fitarwa a 2017, na naira biliyan 100, don gina hanyoyi.

Malama Ummu Hani:
Maganar sukuk daidai ce, Alhaji, kuma 'yan kasuwar zamanin Abbasiyawa sun yi amfani da sakk tun kafin bankunan Landan. Amma kamar furuci ba ta isa hujja ba. Manyan ƙamusoshin Turanci sun fi karkata ga cewa sunan daga guntun takardar da ake yagewa a ajiye ya fito. Da shi ake gwada wadda aka kawo a gane ko jabu ce, wato dai ma'anar bincike. Daga baya sunan ya koma kan takardar gaba ɗaya. Ni wannan na fi gamsuwa da shi, don ana ganin sawun sauyin a rubuce-rubucen ƙarni na 18.

Malam Na-Zazzau:
Abu Safiyya, ga na aiki. Idan za ka rubuta wa banki a Najeriya ko Ghana, “cheque” za ka rubuta, salon Ingila. Amurkawa ke rubuta “check”, kuma a wurinsu takardar kuɗin abinci a gidan cin abinci ma “check” ce, inda Bature ɗan Ingila zai ce “bill”. A fom ɗin intanet, “check the box” na nufin ka sa alamar maki a akwatin. Mai ɗaukar ta a matsayin “duba” sai ya ƙare wa akwatin kallo ya danna aikawa, fom ɗin ya ƙi tafiya.